Daren jarrabawar Auta da gonar Baba ta fadama: tarihin kotu a ƙasar Hadejia

1/ Jiya bayan sallar isha'i autarmu ta same ni a tsakar gida, littafin Gwamnati a hannunta, ido ya ciko da ƙwalla. Da safe take da jarrabawa. Ta ce, "Yaya, babin dokoki da kotuna ya ƙi zama a kaina. Sau uku ina haddacewa, sau uku yana zubewa." Ga abin da muka yi a daren. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/ Mu a Kirikasamma muke, ƙasar Hadejia. Ba wuta, fitila mai caji ta kusa mutuwa, sauron fadama kuwa ba a magana. Na duba littafin nata, jerin shekaru ne da sunayen dokoki, babu mutum ko ɗaya a ciki. Na ce, Auta, rufe shi. Bari in ba ki labarin gonar Baba, mu rataya shekarun nan a jikinsa.

3/ Kafin nan na sa ta rubuta tambayoyi huɗu a bayan littafi. Wa ya yi dokar? Wa ke yanke hukunci? In ba ka yarda ba, ina za ka kai kuka? Me ya canza daga zamanin da ya gabata? Kowane zamani muka shiga, waɗannan huɗun za mu yi masa. Mai jarrabawa gobe, kai ma rubuta su.

4/ Gonar dai ta kakanmu ce, a fadama. Duk ɗan yankin nan ya san yadda ruwa ya sauya hali bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse shekara da shekaru, wasu suka bushe. Rabin tamu ya tafi ƙarƙashin ruwa.

5/ Baba ya tafi cirani, ya ba wani maƙwabci aron ragowar a gaban dattawa biyu. Ba takarda. Ya riƙa dawowa yana ganin mutumin yana noma shinkafa, kara ta hana shi magana. Aka haura shekara goma. Dattawan nan biyu suka rasu. Ranar da Baba ya ce yana son gonarsa, aka ce masa wace gona?

6/ Aka je gaban alkali. Baba ne mai da'awa, don haka shi zai kawo shaida. Ba shi da ita. Mutumin ya yi rantsuwa, aka bar masa gona. Auta ta ce, "To Yaya, wace doka ce ta ce haka? Ba na ganin ta a littafinmu." Na ce madalla, tambaya ta farko ke nan. Dokar ta girmi Najeriya nesa ba kusa ba.

7/ Sunanta hauzi. A mazhabar Malikiyya, wanda ya riƙe fili shekara goma yana amfani da shi kamar nasa, mai filin yana nan yana gani, ba abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to ba za a saurari da'awarsa ba. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo. Aro da jingina ba sa zama hauzi, amma sai ka tabbatar aro ne.

8/ Zamani na ɗaya: kafin Turawa. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya zauna a Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa jagora kan mulki da adalci. Littattafan da alkalai suka riƙe su ne irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, Muhtasar na Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim, wadda ta shafi aikin alkalanci kai tsaye.

9/ Jihadin Shehu Usmanu da ya fara a 1804 ma, wani ɓangare na kukansa kukan shari'a ne. A Kitabul Farƙ ya soki gaisuwar da ake kai wa masu mulki da harajin da ba shi da tushe, har da jangali. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano don masu mulki su san iyakarsu.

10/ A nan ƙasarmu, wajen 1808 Sambo ya zauna a Hadejia a ƙarƙashin tutar Sakkwato. Rigimar gona ko ta kamun kifi takan fara a wurin bulama ko sarkin ruwa, ta barna ta bi ta wurin ardo, in ta gagara a je ga alkali. Sama da alkali akwai zaman shari'ar Sarki. Sama da Sarki akwai Sarkin Musulmi.

11/ Auta ta ce, "Sarki ma akwai wanda zai tuhume shi?" Na ce tambayi tarihin Buhari ɗan Sambo. Bayan ya sa an kashe Sarkin Auyo, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Buhari ya ƙi, ya ƙwace garin da ƙarfi, ya kuma fatattaki rundunar da aka haɗa masa a Kaffur a 1853.

12/ Ya ci gaba da mulki har ya rasu a fagen yaƙi a ƙasar Bade a 1863. Darasin da na sa ta rubuta: yanke hukunci daban, iya zartar da shi daban. In an tambaye ki abin da ke kawo cikas ga mulkin doka, ga misali daga gida: mai ƙarfin da ya fi ƙarfin hukunci.

13/ Zamani na biyu: Turawa. A 1900 Lugga ya shelanta mulkin Ingila a Arewa, ya fitar da dokar kotunan gargajiya, aka sabunta ta a 1906. Kano da Sakkwato sun faɗi a 1903. Hadejia ba ta miƙa wuya ba sai a watan Afrilu 1906, lokacin da Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen daga. Shi ne Mai Shahada.

14/ Turawa ba su rushe kotun alkali ba, sun ɗaure ta ne da igiya. Sai da takardar izinin Razdan kotu za ta zauna. Aka yi musu daraja huɗu, daga A zuwa D. Mai daraja ta A, irin ta manyan sarakuna, tana iya yanke hukuncin kisa, amma sai Gwamna ya amince. Aka hana yanke hannu. Di'o na iya duba shari'a ya sauya ta.

15/ Sai wata ƙa'ida da ke yawan fitowa a jarrabawa: ba za a yi aiki da dokar gargajiya ba in ta saɓa wa abin da suka kira adalci na ɗabi'a da lamiri mai kyau. Wa ke auna wannan lamirin? Su Turawan. Kuma a takardunsu shari'ar Musulunci ma cikin dokar gargajiya suka sa ta.

16/ Ƙasa fa? Dokar 1910 ta ce filayen Arewa suna ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da su don amfanin 'yan ƙasa. Ku riƙe wannan shekarar, za ta dawo. A aikace dai manomi irin kakanmu bulama da hakimi ya sani, su ke nuna iyaka, su ke karɓar haraji.

17/ A 1934 aka buɗe makarantar horar da alkalai a Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malamai daga Sudan. A 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Nan Auta ta ɗago kai: "Ashe makarantar koyon shari'a ta daɗe a Arewa." Ta daɗe mana. Malam Abubakar Gumi ma can ya yi karatu.

18/ A 1947 ɗin aka yi shari'ar da ta girgiza Arewa: Tsofo Gubba da En'en Gwandu. Ya kashe mutumin da ke neman matarsa, kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa kisa bisa Malikiyya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke, don a kundin laifuka na Turawa tunzurawa tana sauko da laifin ƙasa da na kisa da gangan.

19/ Kun ga matsalar? Laifi ɗaya, ƙasa ɗaya, hukunci biyu. Ran mutum ya dogara ga ƙofar kotun da aka shigar da shi. Sarakuna da alkalai suka ji an taka su. Waɗanda ba Musulmi ba kuma suna tsoron abin da zai same su a kotun alkali in Turawa sun tafi. Aka shafe shekara goma ana gyare-gyare, har da kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi a 1956.

20/ Zamani na uku: sulhun 1960. Hukumar Willink ta zagaya a 1957 da 1958 tana jin koken ƙananan ƙabilu. Gwamnatin Sardauna ta aika wakilai Libiya da Pakistan da Sudan su ga yadda suke yi. Sannan a 1958 ta kira kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Abu Rannat, Babban Jojin Sudan.

21/ A kwamitin akwai Mai shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, Farfesa Anderson daga Landan, Wazirin Borno Shettima Kashim, Peter Achimugu, da Malam Musa babban alkalin Bida. Shawararsu: a yi rubutaccen kundin laifuka ɗaya da zai hau kan kowa a Arewa, kowace kotu ta yi aiki da shi.

22/ Haka aka haifi kundin Final Kod. Majalisar Arewa ta zartar a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, kwana ɗaya kafin 'yancin kai. An ɗauko shi daga na Sudan, na Sudan kuma daga na Indiya na 1860. Na ce Auta, dokar da ake karanta wa ɓarawon akuya a Hadejia ta bi ta Indiya da Hartum kafin ta iso.

23/ Ta yi dariya, karo na farko a daren. Kundin bai zama na Turawa zalla ba, ya bar zina da shan giya a matsayin laifi ga Musulmi, har da bulala. Amma daga ranar, a fagen laifuka, alkali kundi yake buɗewa. Aure, saki, gado, wasiyya da rigimar gona suka ci gaba a kan fiƙihu.

24/ A 1960 kuma aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa a Kaduna, shugabanta Alkalin Alkalai. Malam Abubakar Gumi ya hau kujerar a 1962. A 1963 Najeriya ta zama jamhuriya, aka daina kai ƙara Landan. Kotun Ƙoli ta zama maƙura.

25/ Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Baba ya fito shan iska, ya ji ana ambatar gonarsa. Bai ce komai ba, ya jawo tabarma ya zauna gefe. Na so in sauya misali. Ya ce, "Ci gaba, ai ba ƙarya kake yi ba." Muka ci gaba, amma murya ta sauka.

26/ Zamani na huɗu: soja. Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, Hadejia ta faɗa Jihar Kano. Tsakanin 1967 da 1968 aka soke kotunan En'e, har da na sarakuna, aka kawo kotunan yanki ƙarƙashin ɓangaren shari'a na jiha. 'Yan doka da gidajen yarin En'e su ma suka koma hannun tarayya.

27/ Wannan shi ne babin raba iko da ke littafinki, na ce mata. Da, Sarki shi ke mulki, shi ke da 'yan doka, shi ke da kurkuku, shi ke zaman shari'a. Wanda ya kama ka shi zai yi maka hukunci. 'Yan NEPU sun sha wannan a shekarun 1950, shi ya sa gyaran kotu ya kasance cikin manyan kukansu.

28/ Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Obasanjo ta fitar da Dokar Amfani da Ƙasa. Duk filin jiha yana hannun Gwamna a matsayin amana. Kun tuna 1910? Tsarin Arewa ne, wanda aka sabunta a 1962, aka shimfiɗa wa ƙasa duka. A karkara ƙaramar hukuma ke ba da izinin riƙe fili na gargajiya.

29/ Iyakar abin da za ta bayar ba tare da yardar Gwamna ba: hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Kiwon ma yana da tasa dokar a Arewa tun 1965, ta keɓe makiyaya. Duk wanda ya ga rigimar manomi da makiyayi a fadamar nan da kaka ya san waɗannan ba lambobin jarrabawa kawai ba ne.

30/ A 1978 ɗin dai aka yi zazzafar muhawara a majalisar tsara tsarin mulki kan kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a matakin tarayya. Wakilai Musulmi da dama suka fice a watan Afrilu. Aka tsaya a kan cewa duk jihar da ke so ta kafa tata. Haka ya shiga tsarin 1979, haka yake a na 1999.

31/ Zamani na biyar: namu. An ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991. A watan Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, ta fara aiki a Janairu 2000. Jigawa ta bi sahu a 2000 zamanin Saminu Turaki. Jihohi 12 gaba ɗaya.

32/ Auta ta tambayi abin da ya kamata: "Me ya sa sai da majalisun jihohi suka rubuta kundi, alhali hukuncin yana cikin littattafan fiƙihu?" Saboda sashe na 36(12). Ba a hukunta kowa da laifi sai an bayyana laifin da hukuncinsa a rubutacciyar doka. Gadon rigimar su Tsofo Gubba ke nan.

33/ Tambaya ta uku, ina za ka kai kuka? Amina Lawal: kotun Bakori ta yanke mata jifa a Maris 2002. Babbar kotun Funtuwa ta tabbatar a Agusta. Ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta wanke ta. Cikin dalilan akwai cewa alkali ɗaya ne ya zauna, alhali doka ta ce uku.

34/ Ku lura, alkalan Shari'a ne suka gyara kuskuren alkalan Shari'a, da hujjar fiƙihu da ta doka. Tsani ne: ƙaramar kotu, babba, ta ɗaukaka ƙara ta jiha ko Babbar Kotun Jiha gwargwadon irin shari'ar, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, sai Kotun Ƙoli a Abuja. Kowane mataki yana da wa'adi, in ya wuce sai ka roƙi ƙarin lokaci da dalili.

35/ Nan Baba ya yi magana. Ya ce, "Ni da alkali ya yanke, na ɗauka magana ta ƙare. Ba wanda ya ce min akwai sama." Muka yi tsit. Ban ce da ya ɗaukaka zai ci ba, mai da'awa ba shaida ƙafarsa ɗaya ce. Amma bai san ƙofar tana nan ba ma, kuma wannan ya fi rashin gonar yi min ciwo.

36/ Da ya san hauzi, da ya yi magana a shekara ta uku ko ta biyar, ko ya sake kafa shaidu bayan rasuwar dattawan, ko ya sa an rubuta aron a gaban bulama. Rabin shafin takarda. Mu takwas muka tashi ba mu da gonar shinkafa saboda rabin shafin da ba a rubuta ba.

37/ Daga nan muka ɗauki sassan tsarin mulkin 1999 da za ta shiga da su. Sashe na 1: tsarin mulki ne a sama, dokar da ta saɓa masa ba ta aiki. Na 4, 5, 6: majalisa, zartarwa, shari'a. Na 10: ba addinin gwamnati. Na 38: 'yancin addini. Na 33 zuwa 46: haƙƙoƙin ɗan'adam. Na 275 zuwa 279: kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta jiha.

38/ Biyu kuma na ce ko ba su fito ba ta riƙe su har tsufa. Sashe na 35: in an kama ka, a kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Sashe na 36: ba ka da laifi sai an tabbatar, a faɗa maka tuhumar da harshen da kake ji, a ba ka tafinta kyauta.

39/ Ƙarfe sha biyu wata ƙawarta ta turo saƙo a WhatsApp, wai akwai mai sayar da amsoshin gobe. Auta ta kalle ni. Na ce akwai dokar satar jarrabawa ta 1999, da tara da ɗauri, ga soke sakamako. A jarrabawar da ke tambayarki mulkin doka za ki fara karya doka? Ta goge saƙon da kanta.

40/ Ga masu shiga WAEC ko NECO a kwanakin nan, abin da ya yi mana aiki: kar ka buɗe sabon babi a daren ƙarshe. Zana layi ɗaya ka jera 1900, 1947, 1960, 1967, 1978, 1999. Kowace shekara ka yi mata tambayoyin nan huɗu da bakinka, da Hausa. In ka iya faɗa da Hausa, rubutawa da Turanci zai zo.

41/ Ka ɗauki tsofaffin tambayoyi biyu ka amsa da agogo a gabanka. A zauren jarrabawa karanta umarni sau biyu. In an ce lissafa, lissafa kawai. In an ce yi bayani, kowace gaɓa ka ba ta jimla biyu da misali. Fara da wadda ka fi sani. Sannan ka yi barci, ko na awa biyar ne. Kan da bai huta ba rariya ne.

42/ Da asuba na ji ta tana jera wa Inna shekarun tana dama koko, Inna na cewa "to, to" ba tare da ta san wane ne Abu Rannat ba. Baba ya ba ta kuɗin mashin, ya ce, "In kin gama makaranta ki karanta wannan abin sosai." Ta tafi. Yanzu haka tana cikin aji, ku sa ta a addu'a.

43/ Ku kuma, in akwai gonar gidanku ko fili a hannun wani da sunan aro ko jingina, yau ku tambayi Baba ko Inna: shekara nawa ke nan, su wa suka shaida, suna raye? In ba takarda, a je wurin mai unguwa ko bulama a rubuta, kowa ya sa hannu. Ba rashin kunya ba ne. Allah Ya ba duk masu jarrabawa sa'a.